Akwatin mesata yana wari, Hajiya ta ba ni wa'adi

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto mana yana cewa: "Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, a gidanmu nake zaune. Wata takwas ke nan ina kiwon ƙaramar mesa, irin mai dunƙulewar nan, marar dafi. Kafinta ne ya haɗa mini akwatin filawud mai ƙofar gilashi, na zuba mata garin katako a ƙasa. Tun da damina ta sauka akwatin ya fara wari, kusurwoyinsa suka yi baƙi, katakon ƙasa ya kumbura wajen kwanon ruwa. Duk mako ina goge shi da Izal, ina kunna turaren wuta, amma warin sai ya dawo. Yanzu kuma ina ganin wasu baƙaƙen ɗige-ɗige suna yawo a jikinta, ita kuma ta tare a cikin kwanon ruwa. Hajiyarmu ta ce ko warin ya bar gidan ko macijiyar ta bar shi, ga ƙannena ƙanana. Yaya zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Hajiya tana da gaskiya, kuma abin da ya dame ta shi ne yake cutar da mesar taka. Lafiyayyar mesa ba ta da wari. Warin da ake ji daga katakon yake fitowa. Maciji ba ya fitsari irin na akuya. Kashinsa da fitsarinsa ta hanya ɗaya suke fita, kamar na kaza: baƙin kashi, da wani farin abu mai kama da alli, da ruwa mai ɗan yawa. Filawud da ba a shafe shi da komai ba yana shanye wannan ruwa zuwa cikinsa, tsumma kuwa saman kawai yake gogewa. Ka ƙara masa ruwan da ke zuba daga kwano da laimar watan Agusta, ka ga fumfuna ta samu gida. Katakon da ba a toshe ƙofofinsa ba ba ya wankuwa, ko da me ka wanke shi. Aikin da ke gabanka shi ne ka mayar da cikin akwatin ya daina shan ruwa. In an yi wannan, sharar yau da kullum ba za ta ci maka minti biyar ba.

Amma akwai abin da ba zai jira gobe ba. Ka ajiye Izal, kada kuma ka maye gurbinsa da Dettol. Dukansu dangin sinadarin finol ne, kuma guba ne ga macizai. Alamar gane irinsu mai sauƙi ce: duk maganin da ka zuba a ruwa ya koma fari kamar madara, ka nisanta shi da akwatin. A katakon da ke shan ruwa abin ya fi muni, domin maganin yana shiga ciki ya zauna, zafi yana taso da shi, ita kuma tana kwance a kai dare da rana tana shaƙa. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa ma a fitar da su daga ɗakin. Huhun maciji ba ya jure hayaƙi, kuma ba shi da ikon yin tari ya fitar da abin da ya taru a ciki. Garin katakon kafinta shi ma ka kwashe ka zubar. Ba ka san itacen da aka yanka ba, ba ka san maganin gara da aka shafa masa ba, ga ƙura, ga riƙe jiƙa.

Mesar kuma ta bar akwatin yau. Ka nemi babbar roba mai murfi mai kamawa, mai cin lita 60 zuwa 70. Ka ɗora ƙusa a wuta ka huda ƙananan ramuka layi biyu a gefunanta, ka kankare bakin ramukan kada su yanke ta. A ƙasa ka shimfiɗa farar takarda, ka sa kwanon ruwa mai nauyi da maɓoya guda ta roba, shi ke nan. Ka ɗaure murfin da kyau, domin mesa tana da ƙarfin ture murfin da kake ganin ya kamu. A nan za ta zauna kamar mako shida, kuma zaman ba zai cuce ta ba. Wannan mesar, wadda masana ke kira Python regius, 'yar ƙasashenmu ce na Afirka ta Yamma, a daji ma yawancin yininta cikin ramin ɓera ko cikin suri take yin sa.

Baƙaƙen ɗige-ɗigen da kake gani suna tafiya ƙumar maciji ce, mai shan jini. Zaman da take yi a ruwa neman sauƙi ne daga cizonsu. Ka duba gindin kwanon za ka gan su kamar barbaɗin masoro. Sukan taru a kewayen ido, da ƙarƙashin haɓa, da ƙananan ramukan da ke kan leɓenta. Abin da ya sa suke da wuyar ƙarewa shi ne ba a jikinta suke yin ƙwai ba. Sauka suke yi su shige tsagar katako da mahaɗar kusurwa su zuba ƙwan, cikin mako biyu zuwa uku sabbi sun girma sun fara nasu. Shi ya sa mai wanke maciji ya mayar da shi tsohon akwati yake ta zagaye wuri ɗaya. Kullum ka yi mata wanka a ruwa mai ɗumin digiri 28 zuwa 30, zurfinsa kada ya wuce rabin kaurin jikinta, na minti 20 zuwa 30, kana tsaye a kanta. Kafin ka mayar da ita ka wanke robar, ka sake takarda. Farar takarda ce za ta nuna maka ko suna raguwa. Wanka yana rage su, bai cika ƙarar da su ba, saboda haka maganin kashe su ka karɓo daga hannun likitan dabbobi, shi zai auna gwargwadon nauyinta. Kana Zariya, asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello yana kusa da kai. Kada kowa ya sa ka shafa mata kananzir ko fiya-fiya ko Sniper, mutuwa za ta yi kafin ƙumar. In ka ga wani ƙwaro mai ɗan girma maƙale a ƙarƙashin ɓawon fata ba ya motsi, wannan kaska ce, ana yawan samunta a jikin mesar da aka kamo daga daji. Hantsaki za ka sa ka kama ta dab da fata ka ja a miƙe, a hankali.

Ranar da za ka je asibitin, ka juya ta ka duba cikinta. Ɓawon ciki na lafiyayya fari ne mai santsi. In ka ga ja-ja, ko launin ƙasa-ƙasa a bakin ɓawon, ko ƙuraje masu ruwa, ruɓewar fata ce da kwanciya a jiƙaƙƙen wuri ke kawowa. In kuma kana jin ƙara a numfashinta, ko kumfa a baki, ko tana ɗaga kai baki buɗe, ciwon huhu ne. Ka gaya wa likita duka, har da Izal ɗin da turaren.

Mu koma kan akwatin. Ka fitar da shi waje, ka cire gilashin, ka ɗauki sukundireba ka riƙa danna katakon a kusurwoyi da wajen da ya kumbura. Inda bakin ƙarfen ya shige, ko filawud ya fara rabuwa falle-falle, wannan allon ya mutu, a cire shi a sa sabo. In kuwa allon MDF kafintan ya sa maka a ƙasa, ko irin allon nan na matsattsen garin katako, kada ka ɓata lokacin gyara, domin in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa. Daga bayaninka, allon ƙasa sai an sake shi, musamman da ya daɗe yana shan Izal. A sa filawud mai kaurin milimita 18, in da hali irin mai jure ruwa da kafintoci ke kira marin. Ka tsaya a kan kafintan ka gaya masa kada ya shafa Solignum ko baƙin mai. Ya saba shafa su a katakon rufi saboda gara, hannunsa zai kai can in ba ka hana ba. Ka kuma auna akwatin tun da an buɗe shi. Wannan mesar takan kai mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, babba tana son akwati mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. In naka bai kai ba, kuma fiye da allo biyu sun lalace, haɗa sabo ya fi maka araha.

Allunan da suka rage da ƙarfinsu, fara wanke su da ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanuka da burushi, ka kankare duk busasshen kashi da farin allin nan. Wannan matakin shi mutane suka fi tsallakewa, alhali maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya aiki a kan datti, bilic kuma in ya haɗu da fitsari yana tayar da iska mai cutarwa. Bayan ka ɗauraye, ka haɗa bilicin wanki mai ƙarfin kashi 3.5 cikin ɗari, irin Hypo ko Jik, mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, wato cokalin cin abinci biyu. Ka shafa ko'ina, ka bi tsagogi da tsohon burushin haƙori, ka bar shi minti goma, ka ɗauraye sau biyu. Kada ka gauraya bilic da wani abin wanki ko ruwan tsami. Sai shanya. A rana mai ƙarfi kwana uku ya isa, da damina kuwa ka ba shi mako guda a inda iska ke ratsawa kuma ruwan sama ba ya dukansa. In ka samu rana mai zafi, ka lulluɓe akwatin da baƙar leda na 'yan sa'o'i, domin zafin da ya haura digiri 50 yana kashe ƙumar da ƙwanta. Kada ka yi gaggawar shafa banish a kan ɗanyen katako. Laimar da ka rufe a ciki za ta tayar da banish ɗin ya yi ƙuraje, fumfuna ta ci gaba a ƙarƙashinsa.

Da ya bushe ƙayau, ka bi shi da samfefa mai lamba 80 har baƙin fumfunar ya fita ka ga farin katako, sannan mai lamba 120 don ya yi laushi. Ka rufe hancinka. Ka goge ƙurar da tsumma mai ɗan danshi. Banish ɗin da za ka nema shi ne na foliyuretan irin wanda ake tsinka shi da ruwa, ya fi mai tina saurin daina wari. Shafi uku a bango da rufi, huɗu a ƙasa da tsayin tafin hannu na bango daga ƙasa. Kowane shafi ya zama siriri, ka bari ya bushe gwargwadon abin da aka rubuta a gwangwani, ka ɗan bi shi da samfefa mai lamba 220 kafin na gaba. Ka fi ba da ƙarfi a bakin allo, inda zarto ya yanka, da ramukan da aka huda na iska da na waya. Ta nan katako ya fi shan ruwa, nan ne kuma aka fi mantawa.

Bayan banish sai silikon a dukan mahaɗai na ciki: kewayen ƙasa, da kusurwoyi huɗu na tsaye, da kan kowace ƙusa. Ka nemi wanda ake haɗa akwatin kifi na gilashi da shi. Na banɗaki da na kicin yawancinsu an sa musu maganin fumfuna a ciki, kuma wannan maganin bai dace da inda dabba ke kwana ba. Ka matsa shi layi ɗaya ba yankewa, ka bi da jiƙaƙƙen yatsa ya kwanta. In kana son ƙasan ya daɗe, ka shimfiɗa tayil ko ledar ɗaki mai kauri da aka yanka daidai, ka rufe bakinta da silikon ɗin. Amma ka rufe ta sosai, domin ledar da ruwa ke shiga ƙarƙashinta gwamma babu ita. Salatif da duk wani abu mai danƙo kada ya shiga cikin akwatin ko kaɗan. In ya ɓanɓaro ya kama jikin maciji, da fata yake fita.

Daga nan sai haƙuri. Banish yana bushewa a hannu cikin sa'o'i, amma kafin ya gama fitar da warinsa yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu. Ka bar ƙofar a buɗe. Gwajin shi ne ka kunna abin ɗumama akwatin, ka rufe ƙofa dare guda, da safe ka buɗe ka sa kanka ciki ka shaƙa. In ka ji ko ɗan warin fenti ko tsamin silikon, bai yi ba, ƙara mako. Wannan jiran yana da amfani na biyu: ƙumar da ta tsira a wata tsaga, in ta yi mako shida ba jinin da za ta sha, yunwa za ta kashe ta. Kada mesar ta koma sai ka yi aƙalla mako uku ba ka ga ɗigo ko ɗaya a kan takarda ba.

In ta koma, tsarin shara ba shi da wahala. Kowace safiya ka leƙa. In ta yi kashi, ka kwashe a take, har da shimfiɗar da ke kewaye da shi kamar faɗin tafin hannu, ka goge wurin ya bushe. Ruwan sha a sake kullum, kwanon a wanke da sabulu duk bayan kwana biyu ko uku, har santsin nan na gindinsa ya fita. Kwanon ya zama na tangaran mai faɗin gindi wanda ba za ta kifar ba, a ɓangaren sanyi, nesa da abin ɗumama akwatin. Shimfiɗa kuwa, jarida ta fi komai sauƙi da tsabta, ana sake ta duk lokacin da ta ɓaci. In ka fi son niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, zurfin santimita 5 zuwa 8, to duk mako huɗu zuwa shida a kwashe shi gaba ɗaya. Ranar ce ranar babban wanki: mesa ta shiga robarta, a goge akwatin da sabulu, sannan ruwan bilic na ma'aunin ɗazu, a ɗauraye, a bari warin ya fita sarai. In ka samu F10SC, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shagon magungunan dabbobi, ya fi bilic sauƙi a kan banish, mililita 2 zuwa 4 a lita ɗaya. Da jiƙaƙƙen tsumma ake yi, ba a sheƙa ruwa a akwatin katako ko an shafe shi. Kada ka sa ranar wankin cikin kwana biyu bayan ta ci, ɗaukarta a lokacin yana sa ta amayar da abincin. Haka in idonta ya yi hazo za ta yi saɓa, ka ɗaga mata ƙafa.

Wurin da masu akwatin katako suka fi faɗawa shi ne laima. Mesar tana son laimar iska ta kashi 55 zuwa 65 cikin ɗari, har 70 lokacin saɓa, katako kuma ba ya son jiƙa. Da damina iskar Zariya ta wadatar, abin da ake buƙata shi ne hanyar iska: rami ɗaya a ƙasa ta ɓangaren sanyi, ɗaya a sama ta ɓangaren ɗumi, a rufe su da raga mai laushi wadda ba za ta goge mata hanci ba. Da hunturu kuwa laima takan faɗi ƙasa da kashi 20, saɓa ta riƙa fita gutsi-gutsi, sai mutum ya kama fesa ruwa a bango, ya mayar da kansa inda ya fito. Abin yi shi ne roba mai murfi da aka yanka wa ƙofa a gefe, a sa jiƙaƙƙen tsumma da aka matse a ciki, a riƙa sake shi duk bayan kwana biyu. Ta shiga ta samu laimarta, katako yana bushe. Ma'aunin zafi da na laima na batir ba su da tsada, ka sayi biyu. Ɓangaren ɗumi digiri 30 zuwa 32, na sanyi 24 zuwa 27. Duk abin ɗumamawa ya bi ta na'urar da ke yanke wuta in zafi ya kai, a kuma yi wa fitila kejin waya, domin mesa tana iya naɗe fitila mai zafi ta ƙone ba ta saki ba. In an ɗauke wuta a daren hunturu, gorar ruwan ɗumi naɗe da tawul ta isa, gawayi kada ya shiga ɗakin. A watan Maris da Afrilu kuma tsoron na zafi ne, ɗaki mai rufin kwano yana iya wuce digiri 35, sai a mayar da ita ɗaki mafi sanyi.

Katako yana kumbura da damina, yana tsukewa da hunturu, saboda haka sau biyu a shekara, a watan Mayu da Nuwamba, ka bi akwatin da ido da yatsa. Silikon da ya saki a yanke a sake. Inda banish ya dushe, ka ɗiga ruwa: in ya tsaya dunƙule lafiya, in ya shige katakon ya yi duhu, wurin yana son sabon shafi. Ka duba ƙusoshi da ragar iska da tazarar da ke tsakanin gilasan ƙofa, domin duk inda kanta ya shiga, jikinta zai nemi bi. Gara da cinnaka kuma ba a yaƙarsu da magani a nan. Ka ɗora akwatin a kan teburin ƙarfe, ka janye shi santimita 10 daga bango, in cinnaka sun dame ka ka sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa. Ranar da za a yi feshi a gidan, mesa da robarta su bar sashen sai warin ya wuce.

Saura maganar Hajiya da ƙannenka, kuma ba ƙaramar magana ba ce. Macizai suna ɗauke da ƙwayar salmonela a hanjinsu ko suna lafiya ƙalau, tana sa zawo da zazzaɓi, kuma ta fi yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu ciki da tsofaffi illa. Saboda haka bokitinka da burushinka da tsummanka su zama nata ita kaɗai. Kada kwanonta ya je inda ake wanke-wanke, ruwan wankin a zuba a masai, kai kuma ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta ko kayanta. Ƙananan kada su taɓa ta, kada su shiga ɗakin ba ka nan. Ƙumar ba ta zama a jikin mutum, amma tana iya cizo ya yi ƙaiƙayi, don haka zanin gado da labulen ɗakin su sha ruwan zafi da rana.

Ka je ka samu Hajiya yau, kafin ta sake magana. Ka ce mata ka gane inda warin yake, akwatin ya fita daga ɗaki, ka nemi ta ba ka mako shida, ka nuna mata sakata da kwaɗon da za ka sa a ƙofar, mabuɗin yana aljihunka. In bayan haka hankalinta bai kwanta ba, gidanta ne, ka nema wa mesar wanda ya san kiwonta ta hannun likitan da zai duba ta, domin dabba ce mai yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mutane. Kada ka sake ta a bayan gari da ƙuma a jikinta, kada kuma ka miƙa wa wani tsohon akwatin sai an sake allon ƙasan.